Darasin Sanin Ƙasashe: Gundumar Charny Da Ƙauyukanta A Ƙasar Faransa

A wannan wata za mu yi tafiya mai nisa, har ƙasar Faransa a nahiyar Turai. Za mu leƙa wata tsohuwar gunduma da ake kira Charny. Gunduma ce ta manoma da makiyaya. An soke ta a shekarar 1915 da ɗari, watau 2015, amma ƙauyukanta suna nan.

Akwai abin mamaki a cikin labarinta. Wasu daga cikin ƙauyukan nan ba mutum ko ɗaya a cikinsu. Ba gida, ba gona, ba kasuwa. Duk da haka kowannensu yana da magajin gari, yana da hatimi, kuma sunansa yana cikin littafin gwamnati. Yaya aka yi haka ta faru? Ku biyo mu a hankali. Wanda ya gaji ya tsaya ya huta, sannan ya ci gaba.

Yadda ake faɗin sunayen

Rubutun Faransanci daban yake da yadda ake faɗinsa. Ga manyan sunayen da za mu yi ta gamuwa da su:

Charny, a ce Sharni.
Verdun, a ce Bardan.
Meuse, a ce Mez.
Fleury, a ce Filori.
Douaumont, a ce Duwomo.
Vaux, a ce Bo.

Ina wurin yake?

Gundumar Charny tana arewa maso gabashin Faransa, ba nisa da iyakar Beljiyam. Tana cikin lardin Meuse. Lardin ya samo sunansa ne daga kogin Meuse, wanda ya taso daga Faransa, ya ratsa Beljiyam da Holan, sannan ya faɗa teku.

Babban garin da ke kusa shi ne Verdun. Daga Paris, babban birnin ƙasar, zuwa Verdun kimanin kilomita 260 ne ta hanyar mota. Garin Charny kuwa yana arewa da Verdun, a bakin kogi, tafiyar da ba ta kai kilomita 10 ba. Ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai 1,000 ba. Cikakken sunansa Charny-sur-Meuse, ma'ana Charny ta bakin kogin Meuse. Shi ne hedkwatar gundumar har zuwa 2015, shi ya sa ta ci sunansa.

Ƙasar wurin tuddai ce da kwaruruka da dazuzzuka. Ana noman alkama da sha'ir da dankalin Turawa, ana kiwon shanu don madara da nama. Lokacin hunturu ana sanyi ƙwarai, har dusar ƙanƙara takan rufe gonaki.

Yadda aka tsara mulki a Faransa

Kafin mu shiga labarin sosai, ya kamata mu san matakan mulkin ƙasar. A shekarar 1789 talakawan Faransa suka yi juyin juya hali, suka karya ikon sarki da manyan masu ƙasa. Sababbin shugabanni suka sake raba ƙasar gaba ɗaya. A watan Disamba na 1789 aka kafa ƙananan hukumomin garuruwa da ƙauyuka. A 1790 aka yanka ƙasar zuwa larduna 83, kowane lardi kuma aka yanka shi gunduma-gunduma.

Ga matakan daga sama zuwa ƙasa:

Na ɗaya, jiha. Ita ce babba, ta ƙunshi larduna da dama. Lardin Meuse yana cikin jihar Grand Est tun 2016.

Na biyu, lardi. Yanzu akwai larduna 101. Kowane lardi yana da majalisa da jama'a ke zaɓa. Yana kuma da wakilin gwamnatin tsakiya da ake turowa daga Paris, ana ce masa firefe. Matsayinsa ya yi kama da na Razdan a zamanin En'e. Firefen Meuse yana zaune a garin Bar-le-Duc.

Na uku, yanki. Lardin Meuse yana da yankuna uku: Bar-le-Duc da Commercy da Verdun. Charny tana yankin Verdun.

Na huɗu, gunduma. Faransawa suna ce mata kanto.

Na biyar, komin. Ita ce ƙaramar hukumar gari ko ƙauye, kuma ita ce ta fi kusa da talaka.

'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun san waɗannan kalmomi, domin Faransa ta kai su can a zamanin mulkin mallaka. Amma a lura da bambanci. A Nijar kanto ƙasar basarake ce. A Faransa kuwa kanto ba shi da sarki ko hakimi, sai wakilin da aka zaɓa da ƙuri'a.

Mene ne komin?

A Faransa kusan kowane ƙauye ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta. Akwai komin wajen 35,000 a ƙasar. In aka gwada da Nijeriya mai ƙananan hukumomi 774, za a ga yawan nasu. Lardin Meuse kaɗai yana da komin wajen 500, alhali mutanensa kimanin 180,000 ne. Birnin Paris komin ne. Ƙauye mai mutum 50 shi ma komin ne.

Duk bayan shekara shida mutanen komin suna zaɓen kansiloli. Yawansu ya danganta da yawan jama'a. Ƙauyen da bai kai mutum 100 ba yana da kujeru 7. Mai mutum 100 zuwa 499 yana da kujeru 11. Bayan zaɓe sai kansiloli su zauna su fid da ɗaya daga cikinsu ya zama magajin gari. A ƙauye sau da yawa magajin gari manomi ne, ko malamin makaranta, ko wanda ya yi ritaya. Mace ma tana iya zama. Matan Faransa sun fara jefa ƙuri'a ne a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Afrilu 1945.

Ga wasu daga cikin ayyukan komin:

Rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Tun 1792 wannan aiki yake hannunsu. Auren da hukuma ta sani shi ne wanda aka ɗaura a ofishin magajin gari.

Gina makarantar firamare da gyara ta. Gwamnatin tsakiya ce ke biyan malamai, amma gini da kujeru da shara na komin ne.

Kula da hanyoyin cikin ƙauye da fitilu da ruwan sha da maƙabarta.

Tsara kasafin kuɗi kowace shekara. Kuɗin yana zuwa ne daga harajin gidaje da filaye, da kuma kason da gwamnati ke bayarwa.

Ashe ke nan in rufin makaranta ya yi yoyo, mutanen ƙauye sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Mai ƙofar kuwa maƙwabcinsu ne.

Mene ne aikin gunduma?

Gunduma tarin komin ne da ke maƙwabtaka da juna. Ba ta da majalisa tata, ba ta da baitulmali. Kafin 2015 babban aikinta shi ne ta zaɓi wakili ɗaya zuwa majalisar lardi, na tsawon shekara shida. Majalisar lardi ce ke kula da manyan hanyoyin karkara, da ƙananan makarantun sakandare, da taimakon tsofaffi da gajiyayyu. Saboda haka wakilin gunduma mutum ne mai muhimmanci ga mutanen ƙauye.

A zamanin da, galibi a hedkwatar gunduma ake samun ofishin jandarma, da ofishin haraji, da ƙaramin alƙali mai sasanta rigingimun gona da bashi. An soke irin wannan alƙali a 1958. A can kuma ake tara samari a auna lafiyarsu kafin a ɗauke su soja.

Kafin a soke ta a 2015, gundumar Charny tana da komin wajen 20. Daga cikinsu akwai Charny ita kanta, da Belleville, da Bras, da Vacherauville, da Marre, da Chattancourt, da Samogneux. Akwai kuma Fleury, da Douaumont, da Vaux, da Ornes, da Bezonvaux, da Beaumont, da Louvemont, da Cumières. Ku riƙe waɗannan takwas na ƙarshe, domin a kansu labarin zai tsaya.

Kafin yaƙi

Kafin 1914 waɗannan ƙauyuka suna zamansu lafiya. Fleury tana da mutum 422. Akwai gonaki, da makaranta, da coci, da maƙera, da gidan burodi, da kantuna, har da ƙaramar tashar jirgin ƙasa. Douaumont tana da mutum 288. Ornes ita ce babba a cikinsu, mutanenta sun haura 700, tana da masaƙa.

Amma akwai wata matsala. A yaƙin 1870 zuwa 1871 Jamus ta ci Faransa, ta ƙwace ƙasar Alsas da wani ɓangare na Loren. Iyakar Jamus ta matso kusa da Verdun. Don haka Faransa ta kewaye garin da manyan sansanonin soja na dutse da siminti a kan tuddai. Mafi girma shi ne na Douaumont, wanda aka fara ginawa a 1885. Akwai wani a Vaux. Manoma suna noma a gindin waɗannan sansanoni, ba su san abin da ke tafe ba.

Yaƙin Verdun

Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914. Tun a lokacin wasu ƙauyukan suka fara watsewa, domin fagen fama ya zo kusa da su. Amma babban bala'in ya sauka ne ranar 21 ga Fabrairu 1916. Da sassafe Jamusawa suka buɗe wuta da igwa fiye da 1,000. A wannan rana kaɗai sun harba harsashin igwa wajen miliyan ɗaya. Aka kwashe mutanen Fleury cikin sanyi da dusar ƙanƙara. Suka bar gidajensu da kayansu, suna tsammanin za su dawo.

Ranar 25 ga Fabrairu Jamusawa suka kama sansanin Douaumont. A farkon watan Yuni suka yi wa sansanin Vaux zobe. Sojojin da ke ciki, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Raynal, suka yi kwana bakwai suna turjiya. Ruwan shansu ya ƙare, ƙishirwa ta galabaita su, suka miƙa wuya ranar 7 ga Yuni. Ƙauyen Fleury kuwa sau 16 yana sauya hannu tsakanin Faransawa da Jamusawa. Da aka gama, ko bango ɗaya bai rage a tsaye ba.

An yi wata goma ana gwabzawa, har zuwa 18 ga Disamba 1916. An harba harsashin igwa fiye da miliyan 50. Sojoji wajen 300,000 suka mutu ko suka ɓace, Faransawa da Jamusawa. Wasu kimanin 400,000 suka ji rauni. Bayan duk wannan asara, kowane ɓangare ya koma kusan inda yake tun farko.

Sojojin Afirka a wurin

Wannan yaƙi ya shafi mutanen Afirka ta Yamma. Faransa ta ɗebi samari daga ƙasashen da take mulka, da yawansu kuwa dole aka yi musu. Ana kiransu sojojin Senegal, amma akwai 'yan ƙasashen da yau ake kira Mali da Gini da Burkina Faso da sauransu. Wajen 30,000 daga cikinsu suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko.

Ranar 24 ga Oktoba 1916 Faransa ta ƙwato sansanin Douaumont. A cikin rundunar da ta yi wannan aiki akwai bataliyar sojojin Afirka ta Yamma da kuma sojojin Somaliya. A babbar maƙabartar soja ta Douaumont akwai kaburbura fiye da 16,000. Daga ciki 592 na Musulmi ne, an ware musu wuri, an fuskantar da su alƙibla. A 2006 shugaban Faransa Jacques Chirac ya buɗe wani gini mai ƙubba a wurin, don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu.

Kusa da maƙabartar akwai wani dogon gini da aka buɗe a 1932. A cikinsa aka tara ƙasusuwan sojoji wajen 130,000 da ba a gane su ba. Ba a san wane ne Bafaranshe, wane ne Bajamushe ba.

Jan yanki

Yaƙi ya ƙare ranar 11 ga Nuwamba 1918. Mutane suka fara komawa garuruwansu. Waɗanda ke kwarin kogi, kamar Charny da Bras da Vacherauville, sun tarar da kangaye, amma suka sake gini, suka ci gaba da noma.

Na kan tudu ba su yi wannan sa'a ba. Ma'aikatan gwamnati suka auna ƙasar da yaƙi ya ɓata, suka shafa wa wuraren da suka fi lalacewa jan launi a taswira. Shi ya sa ake ce musu jan yanki. Dalilan hana komawa uku ne.

Na farko, ƙasar cike take da harsasan igwa da ba su fashe ba, wasu ma na iskar guba ne. Manomi yana huɗa, garma ta taɓa ɗaya, shi ke nan.

Na biyu, ƙasar noma ta sama ta tafi. Wuta ta birkice ta, ta bar ramuka kan ramuka. Gubar albarushi da dalma ta shiga ƙasa.

Na uku, gawawwakin dubban sojoji suna binne ko'ina, ba a san inda suke ba.

Gwamnati ta lissafa, ta ga kuɗin gyaran ƙasar ya fi darajar ƙasar kanta. Sai ta saye filayen, ta biya masu su diyya, suka nemi wani wurin zama. Daga baya aka dasa itatuwa. Yau wurin daji ne mai faɗin hekta wajen 10,000. Wanda ya shiga zai ga ƙasa tudu da kwari a ƙarƙashin itatuwa, watau ramukan da harsasai suka haƙa. Fiye da shekara 100 bayan yaƙin, ma'aikatan kwance bam suna ci gaba da tsintar harsasai a wannan yanki.

Ƙauyukan da ba kowa

Ƙauyuka tara ne aka shafe ƙaƙaf a kewayen Verdun, kuma galibinsu na gundumar Charny ne. Uku daga ciki sun ɗan farfaɗo. An gina sabuwar Vaux kusa da tsohuwar. Douaumont da Ornes kuma sun samu 'yan tsirarun mazauna. Ranar 1 ga Janairu 2019 Douaumont da Vaux suka haɗe suka zama komin ɗaya mai suna Douaumont-Vaux.

Shida kuwa suka zama kufai har yau. Su ne Beaumont, Bezonvaux, Cumières, Fleury, Haumont da Louvemont. Faransawa suna ce musu ƙauyukan da suka mutu saboda Faransa, kamar yadda suke faɗa a kan sojan da ya mutu a fagen fama.

Da an ga dama, da an share sunayensu an haɗa filayensu da na maƙwabta. Ba a yi haka ba. Wata doka ta 18 ga Oktoba 1919 ta ba da damar a naɗa wa irin waɗannan ƙauyuka masu kula da su. To, amma wa zai yi zaɓe a inda ba mai jefa ƙuri'a? Sai aka ce firefen Meuse ya naɗa kwamitin mutum uku ga kowane ƙauye. Shugaban kwamitin shi ne a matsayin magajin gari. Ana sabunta naɗin bayan kowane zaɓen ƙananan hukumomi. Sau da yawa akan ɗauko su ne daga zuriyar mutanen ƙauyen, ko daga mutanen yankin da suka damu da tarihinsa.

Mene ne aikin magajin garin da ba shi da talakawa? Yana kula da ɗan ƙaramin ɗakin ibada da aka gina a kowane kufai bayan yaƙi. Yana kula da dutsen da aka rubuta sunayen 'yan ƙauyen da suka mutu. Yana sa a share hanyoyi, a sare ciyawa. Yana karɓar baƙi da 'yan makaranta. Yana shirya taron tunawa da ake yi shekara-shekara, inda jikoki da tattaɓa-kunnen mutanen ƙauyen ke haɗuwa.

A Fleury an kafa 'yan alamu a cikin daji. Wannan ta ce nan ne makaranta take. Waccan ta ce nan ne gidan maƙeri. Wata ta ce nan gona ce. Mai ziyara yana bin tsofaffin titunan ƙauyen yana karantawa. A inda tashar jirgin ƙasa take a da, an gina gidan tarihin yaƙin, an buɗe shi a 1967.

Ranar 22 ga Satumba 1984 shugaban Faransa François Mitterrand da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Kohl suka tsaya a gaban maƙabartar Douaumont, suka riƙe hannun juna. Wannan hoto ya zaga duniya. Ƙasashen biyu, da suka yi yaƙi sau uku tsakanin 1870 da 1945, sun zama aminan juna.

Me ya sa aka soke gundumar?

Ba yaƙi ne ya kawo ƙarshen gundumar Charny ba. Doka ce. Ranar 17 ga Mayu 2013 aka kafa dokar sake yanka gundumomin Faransa duka. Dalilai biyu ne manya.

Na farko shi ne rashin daidaito. Yawancin gundumomin an yanka su ne tun wajen 1801. Tun daga lokacin mutane suka yi ta barin ƙauye suna komawa birni. Sai ga gunduma mai mutum 2,000 da wakili ɗaya, ga wata mai mutum 30,000 ita ma da wakili ɗaya. Ƙuri'ar wani ta fi ta wani nauyi ke nan.

Na biyu shi ne ƙarancin mata. Kafin gyaran, a cikin kowane wakili 100 na majalisun larduna, mata kimanin 14 ne kawai. Sabuwar doka ta ce kowace gunduma ta zaɓi mutum biyu tare, namiji da mace, a kan takardar ƙuri'a ɗaya. Don kada wakilai su ninka, sai aka rage gundumomi da kusan rabi, daga 4,035 zuwa 2,054.

A lardin Meuse gundumomi 31 suka koma 17. An yi zaɓen farko a sabon tsari a watan Maris 2015. Daga ranar babu sauran gundumar Charny. Garin Charny da kufan nan suka shiga sabuwar gundumar Belleville-sur-Meuse. Belleville ta fi Charny girma, mutanenta wajen 3,000 ne.

Gyaran ya samu masu yabo da masu suka. Masu yabo sun ce yanzu rabin kujerun majalisun larduna na mata ne, kuma ƙuri'u sun fi daidaita. Masu suka, musamman mutanen karkara, sun ce gunduma ta yi faɗi da yawa, wakili ya yi wa ƙananan ƙauyuka nisa, ba zai san kowa da kowa ba kamar da.

A wannan shekara ta 2015 kuma ƙauyukan yankin Charny suka haɗa gwiwa da garin Verdun a wata ƙungiyar ƙananan hukumomi mai suna Grand Verdun. Aikin da ya fi ƙarfin ƙauye ɗaya, kamar kwashe shara da motocin haya, sai a yi shi tare. Amma kowane komin yana riƙe da sunansa da magajin garinsa.

Abin lura

Mun ga cewa gunduma layi ne da hukuma ta ja a takarda. Doka ta kafa ta, doka ta soke ta, mutane suka ci gaba da harkokinsu. Ƙauye kuwa ya fi haka ƙarfi a zuciyar mutanensa. An rushe gidajen Fleury tun 1916, amma zuriyarta ba su yarda sunanta ya ɓace ba.

Mun ga kuma amfanin ajiye rubutu. Da taimakon tsofaffin littattafan komin da taswirar filaye aka san yawan mutanen kowane ƙauye, da mai kowace gona, da inda kowane gida yake.

Sannan mun ga ɓarnar yaƙi. Wata goma aka yi ana faɗa a tuddan Verdun. Wasu daga cikin gonakin da aka ɓata a cikin wata goman nan, har yau ba a sake shuka alkama a cikinsu ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Kalmomin da za a riƙe

Komin: ƙaramar hukumar gari ko ƙauye a Faransa.
Kanto: gunduma, tarin komin da ke zaɓen wakilai tare.
Firefe: wakilin gwamnatin tsakiya a lardi.
Magajin gari: shugaban komin.
Kufai: wurin da gari yake a da, mutane suka tashi.
Igwa: babbar bindiga mai harba harsashi nesa.
Diyya: kuɗin da ake biyan wanda ya yi asara.

Tambayoyi

1. A wane lardi gundumar Charny take, kuma wane babban gari ne kusa da ita?
2. Kawo ayyuka uku na komin.
3. Su wa ke zaɓen magajin gari?
4. Me ya sa sojojin sansanin Vaux suka miƙa wuya?
5. Kawo dalilai biyu da suka hana manoman jan yanki komawa gonakinsu.
6. Wa ke naɗa masu kula da ƙauyukan da ba kowa, kuma mutum nawa ne ga kowane ƙauye?
7. Waɗanne dalilai ne suka sa aka soke gundumar a 2015?

Lissafi

1. Lardin Meuse yana da gundumomi 31, aka mai da su 17. Nawa aka rage?
2. Kowace gunduma a cikin 17 ɗin tana da wakilai 2. Wakilai nawa ke nan? Mata nawa ne a cikinsu?
3. Kufai 6 ne, kowanne da kwamitin mutum 3. Mutum nawa ne duka?
4. An yi yaƙin Verdun a 1916, shugabannin ƙasashen biyu suka riƙe hannu a 1984. Shekara nawa ne tsakani?

Aikin gida

Akwai kufai kusa da garinku? Ku tambayi dattawa sunansa, da su wa suka zauna a wurin, da abin da ya tashe su. Ku rubuta amsar a layi biyar, ku karanta wa 'yan ajinku. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.